Fararen ɗige-ɗige a gilashin mota da suka ƙi fita, me zan sa musu?

"Salam Malam, don Allah ina da tambaya. Motata Corolla ce, gilashin gaba da na ƙofofi duk sun yi wasu fararen ɗige-ɗige kamar an yayyafa musu ruwan gishiri ya bushe. Na wanke da omo, na goge da jarida, har fetur na sa amma ko gezau. Da rana da sauƙi, amma da daddare idan mota ta hasko ni a hanyar Zariya sai gilashin ya yi fari fat ba na ganin gabana. Wani ya ce in sa ruwan batir, wani kuma ya ce soson ƙarfe. Ya zan yi?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai, don girman Allah ka ajiye maganar ruwan batir da soson ƙarfen nan, kar ka kusanci gilashinka da ko ɗaya a cikinsu, zan zo kan dalili. Abin da na fahimta a bayaninka shi ne tabon fari ne, zagaye-zagaye, ya ƙi sabulu ya ƙi fetur, kuma da daddare ya fi damunka. Toh wannan kusan kullum abu ɗaya ne, tabon ruwa. Na ce kusan ne saboda ban ga motar ba ban sa hannuna a kai ba, kuma a shekarun da na yi ina wankin mota da sa gilashi a nan Kano na sha ganin mutum ya zo da abin da ya rantse tabo ne, muna shafawa sai mu ga ashe gilashin ne kansa ya ciwu. Shi ya sa ni a wajena aikin farko shi ne ka san me ke kan gilashin, gurza tana zuwa ne daga baya, in ma ta kama. Yawancin gilasan da muke cirewa mu jefar ba tabon ne ya kashe su ba, hannun mai ƙoƙarin cire tabon ne.

Daga ina tabon yake fitowa

Ka leƙa cikin butar da ake dafa ruwan shayi a gidanku, ko ka duba bakin famfon da ke ɗiga, za ka ga wani farin abu ya daskare kamar alli. Shi ne dai a kan gilashinka. Ruwan burtsatse da na rijiya, wanda shi ne 'yan ga-ruwa suke kawo mana kuma da shi yawancin masu wankin mota suke aiki, yana biyowa ta cikin duwatsu da ƙasa ya kwaso sinadaran kalsiyam da maganiziyam, ido ba ya ganinsu a cikin ruwan. Idan aka watsa wa mota ruwa aka bar shi ya bushe da kansa, ruwan ya tashi sama, su kuma su zauna daram a inda kowane ɗigo ya tsaya. Yau a wanke a bar ta a rana, jibi a sake, wata shida ana haka, kaga wani yana hawa kan wani kenan, ga rana tana gasa shi kamar ana gasa tukwane.

Dalilin da ya sa fetur bai yi maka komai ba, shi fetur maiƙo yake narkarwa, irin su kwalta da giris, wannan kuwa ɗan'uwan dutse ne, ba ruwansa da fetur. Omo ma haka, ɓangarensu ɗaya da kanwa, kuma idan ka kwaɓa shi da ruwan burtsatsen nan ya bushe a gilashi ƙara maka wani farin yake. Abin da ke narkar da wannan tabon tsami ne, shikenan sirrin.

Amma akwai mataki na biyu da ya kamata ka sani tun yanzu don kar ranka ya ɓaci daga baya. Idan tabon ya daɗe sosai, ana jiƙa shi yana bushewa a zafi, a hankali yana cin fuskar gilashin, sai ya bar ɗan gurbi mai siffar ɗigon. A nan ko ka cire farin tas za ka riƙa ganin inuwar zoben idan haske ya faɗo a karkace, kuma tsami ba ya maganin wannan, don ba abin da ya rage da zai narkar.

Gwajin da nake fara yi

Ka kai motar inuwa, ko ka bari sai da sassafe gilashin na da sanyi. Ka kwara ruwa mai yawa tukunna ƙurar ta sauka, sannan ka wanke da sabulun wanke-wanke na ruwa ka tsane da tawul. Sai ka sa hannunka cikin farar leda siririya irin ta ƙullin sikari ka shafa gilashin a hankali. Leda tana sa yatsa ya ji abin da fata ba ta ji, za ka ji kamar yashi-yashi a inda ido ke ce maka sumul ne. Idan ka ji tabon ya taso, alhamdulillahi, a kan gilashin yake kuma zai fita. Idan sumul ka ji amma kana ganin zoben, ya fara cin gilashin. Idan kuma layi ne, ka ja farcenka a kai, in farcen ya maƙale toh ƙarzuwa ce mai zurfi, ba tabo ba ce.

Sannan ka tabbatar a wane ɓangare yake, ciki ko waje. Abin kamar wasa amma na ga wanda ya kwana biyu yana fama da waje alhali dattin na ciki. Dabarar da nake koya wa yarana ita ce waje a goge daga sama zuwa ƙasa, ciki kuma daga hagu zuwa dama, duk shatin da ya rage kana kallon inda ya nufa ka san ɓangarensa.

Ruwan khal da haƙuri

Ka sayi ruwan khal fari, wato binega, irin wanda ake sawa a abinci, ana samunsa a manyan shaguna da wajen masu kayan kek, tsaminsa wajen kashi 5 cikin 100 ne, ba ya cin gilashi. Ka haɗa rabi khal rabi ruwa mai kyau. Kuskuren da mutane ke yi shi ne su fesa su goge nan take su ce bai yi ba. Ina, sai ya jiƙa. Ka tsoma tsohon tawul ko farin ƙyalle a ciki, ka ɗan matse yadda ba zai riƙa zuba ba, ka shimfiɗa shi a kan gilashin ya manne, ka bar shi minti 5, yana neman bushewa ka ƙara yayyafa masa. Ka ɗaga, ka murza wajen da ƙyallen kana zagayawa ba da ƙarfi ba, ka ɗauraye, ka tsane nan take. Kar ka ce za ka yi duk gilashin a lokaci ɗaya, ka raba shi gida huɗu ko shida kana bi ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai fita ba ka maimaita, karo na biyu ko na uku ka sa khal ɗin zalla ba sirki.

Wanda ya gangara kan fenti ko kan robar gefen gilashi ka bi shi da ruwa da wuri, yana cire man da aka shafa wa fenti in ya zauna. Idan ba ka samu khal ba lemun tsami yana yi, ka matse ka tace, sai dai yana barin ɗanƙo-ɗanƙo dole ka ɗauraye sosai. Wani abu kuma mai muhimmanci, kar ka kuskura ka haɗa khal da Hypo ko wani bilic wai don ya ƙara ƙarfi, iskar da ke tashi daga haɗin nan guba ce tana kama ƙirji.

Wata Sienna da aka taɓa kawo min, mai ita yana ajiye ta ne kusa da tankin ruwan gidansa, kullum tankin ya cika sai ya yi ambaliya iska ta kwaso feshin ta zuba a gefe ɗaya na motar. Gilasan ɓangaren dama sun yi fari kamar an shafa musu alli, na hagu kuwa garau. Sai da muka shimfiɗa tawul sau huɗu a kowace ƙofa, a karo na uku ina murzawa ina jin ƙyallen yana daina kamawa yana fara santsi, wannan santsin shi ne alamar ka kai ga gilashi. Ƙofofin sun fita, amma ƙaramin gilashin can baya da ya fi shan ruwan ya bar inuwa, na faɗa masa gaskiya iyakar abin da khal zai yi kenan.

Idan khal ya gaza

Mataki na gaba reza ce, kuma a nan nake so ka nutsu. Sabuwa fil, wadda ba ta taɓa komai ba, don mai tsatsa ko mai ɗan karyewa a baki ita ke zana layi. Gilashin ya kasance jiƙe sharkaf da ruwan sabulu, ka kwantar da rezar sosai kamar mai aski yana gyaran fuska, ka tura gaba kawai, ka ɗaga, ka goge bakinta, ka sake turawa. Kar ka ja ta baya, don duk ƙwayar yashin da ta shiga ƙarƙashinta da ita za ka dawo. Gilashin gaba ta waje nake yarda da reza. Na ƙofofi irin gasasshen nan ne da idan ya fashe yake zama tsaki-tsaki, wani lokacin fuskarsa tana saurin nuna layi, don haka ka fara gwadawa a can ƙasan kusurwa. Ta ciki kuwa, inda akwai ledar tinti ko siraran layukan nan na gilashin baya masu ɗumama shi su kore raɓa, reza haramun ce, ka tsinke layi ɗaya ya mutu kenan.

Akwai wani abu kamar ƙullin danƙo da masu gyaran fenti ke amfani da shi, suna ce masa kile, ana murza shi a kan jiƙaƙƙen gilashi yana tsince duk abin da ya taso, yana da kyau ƙwarai wajen cire feshin fentin da ya fantsama a gilashi. Man goge baki fari, ba mai kama da jeli ba, yana ɗan taimakawa a ƙaramin waje, amma kar ka sa ran abin mamaki.

Inuwar da ta riga ta ci gilashi kuwa sai an goge fuskar gilashin kanta, da wata hoda da ake kira siriyam oksaid, ana dama ta da ruwa a sa a kan fefen ulu a inji. Tana aiki, na yi da ita, amma ba na ba wanda bai saba ba shawarar ya fara koyo a gilashin gabansa. Injin yana zafafa waje ɗaya, in ka tsaya ka bar shi ya bushe gilashi na iya tsagewa, in kuma ka ci waje ɗaya da yawa sai ya yi ɗan kwari, kana tuƙi kana ganin fitilun gabanka suna lanƙwashewa, wannan ya fi tabon haɗari. Ni kaina idan abin ya yi zurfi daidai saitin idon direba ba na karɓar aikin, canji nake cewa a yi.

Maganar ruwan batir da soson ƙarfe

Wanda ya ce maka ruwan batir ba ƙarya ya yi ba ta fuska ɗaya, asid ne, zai taɓa farin. Amma ina zai gangara? Kan fenti, kan robar da ta riƙe gilashin, cikin ramin da ke ƙarƙashin waifa inda ƙarfe yake, bayan wata biyu ka ga tsatsa tana ɓullowa ruwan sama yana shigo maka. Balle ya fantsama a ido, Allah ya kiyaye. Aikin da khal na 'yan kuɗi kaɗan zai yi lafiya lau, me ya kai ka. Wanda ya fi shi sharri ma shi ne wani asid da wasu ke wanke rim da shi, akwai nau'insa da ke cin gilashi kansa, ya bar shi dishi-dishi har abada, kuma yana ratsa fata. In ka kai wanki ka ga jarka ba suna ana fesa wa taya, ka ce kar ya taɓa maka gilashi. Haka sabulun ruwa na haɗin gida da aka cika wa soda, in ya bushe a gilashi mai zafi shi ma yana barin shati.

Ɓarnar soson ƙarfe da danginsa kuma da idona na gani. Wani yaro sabon zuwa a wajenmu, na fita sallar la'asar na bar shi da wata Golf mai kashin tsuntsu a gilashi, ya ga ya ƙi fita sai ya ɗauko koren soson nan na wanke tukunya ya dirje wajen. A jiƙe ba ka ganin komai, yana bushewa sai ga wani faifai fari kamar girman tafin hannu, dubban ƙananan layuka, daidai gaban direba. Mu muka sayi gilashi muka sa wa mai motar, kuma laifina ne da ban nuna masa ba tun ranar farko. Koren soson nan akwai abin gurza a jikinsa da ya fi gilashi tauri. Akwai wata ulun ƙarfe mai laushi sosai mai lamba 0000 da masu sana'a ke amfani da ita a jiƙe, amma ba ita ce ta kicin ba, kar a haɗa su.

Sauran tabo a gurguje

Kashin tsuntsu irin na balbela, da na jemage, da matattun ƙwari bayan tafiyar dare, jiƙa su kawai ake yi, ka ɗora jiƙaƙƙen tsumma minti 10 su taso da kansu, kar ka kankare a bushe don akwai tsakuwa a kashin tsuntsu. Ƙaro da danƙon da ke ɗigowa idan ka yi fakin a ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro, sifirit na kemis ko sanitaiza a auduga. Kwalta daga inda ake aikin titi da gam ɗin sitika, ɗan kananzir a tsumma, ko man gyaɗa ma yana tayar da gam, sai ka bi da sabulu sau biyu don maiƙon ya fita, kuma kar kananzir ya taɓa robar waifa. Siminti idan an yi fakin kusa da gini, khal ɗin nan dai, a jiƙa shi ya yi laushi a ɗauke shi a hankali, yashi ne a cikinsa.

Tunda ka ce da daddare ne abin ya fi tsanani, ina zargin ba tabon ruwa kaɗai ke damunka ba, akwai maiƙo. Ta waje hayaƙin tireloli da man da ake shafa wa mota suna barin wani siririn shafi, ta ciki kuma robar dashbod idan ta sha rana tana fitar da tururi ya kwanta a gilashi, ga man ƙyalli da masu wanki ke lafta wa dashbod, ga turare, ga taba in ana sha. Da rana ba ka gani, fitila na haskowa sai ya watsa hasken ko'ina. Ka goge cikin da sifirit rabi da ruwa a tawul mai laushi, ka bi da wani busasshe, za ka ga tawul ɗin ya yi rawaya-rawaya. In akwai tinti ka tsaya a ruwa da ɗigon sabulu kawai, kuma ka guji ruwan goge gilashi mai amoniya, yana lalata tinti ya sauya launi ya fara kumbura. A tawul ake fesawa, ba a gilashi ba, musamman sababbin motoci masu kyamara a bayan madubi.

Abin da ba ya fita

Layukan da suka yi baka daidai hanyar waifa, wannan aikin ƙurar hunturu ne. Ƙurar nan da ke taso mana daga Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana ɗauke da ɓarɓashin yashi, kuma a ma'aunin tauri yashi yana kan 7 ne gilashi kuma wajen 5 da rabi, kaga duk wanda ya tashi da safe ya kunna waifa a busasshen gilashi ko ya sa tsumma ya share, sanfefa yake ja a kai. Baƙaƙen ɗigon da ke kama farce bayan an kai mota wajen mai walda ko fanel bita, tartsatsi ne ya narke ya shige ciki, ba ya fita, shi ya sa nake cewa ka tsaya a rufe gilashin da kwali kafin a kunna inji. Farin gajimare a gefe-gefen gilashin gaba kuma, shi gilashin gaba guda biyu ne aka manne da leda a tsakiya, damshi ne ya shiga tsakaninsu, ba ta ciki ba ta waje, hannu ba ya kaiwa. Ƙananan ramuka kamar an caccaka da allura a motar da ta daɗe tana doguwar hanya su ma haka. Duk waɗannan in sun kai ga hana ka gani, ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a nan Kano ka nemi gilashi mai kyau, ka ɗaga shi a haske ka duba kafin ka biya.

Kuma in akwai ɗan tsagu ko inda dutse ya taɓa, kar ka kwara ruwan sanyi a gilashin da ya wuni a rana, a gabanka tsagun zai tafi har ƙarshe.

Bayan ka samu ya fita, abin da zai hana shi dawowa ba wani abu ne mai tsada ba. Duk wanda zai wanke maka mota ka ce a inuwa, kuma ya tsane gilasan da tawul kafin ya koma kan taya, kar a bar ruwa ya bushe da kansa. Tankin ruwan waifa ka daina cika shi da ruwan burtsatse da omo, shi ke toshe 'yan bututun ya kuma mayar maka da tabon, ka tari ruwan da esin ɗaki ke ɗigarwa ko ruwan sama mai tsabta ka tace ka zuba. Ka ɗaga waifa ka goge bakin robar da jiƙaƙƙen tsumma duk sati, baƙin da zai fito zai ba ka mamaki, kuma da irin ranarmu robar ba ta wuce shekara, gara ka canza ta gab da damina.

Ka fara da gwajin leda da farcen nan gobe da safe, sannan khal a ƙofa ɗaya ta baya ka ga yadda za ta yi kafin ka taɓa na gaba. In ka yi sau uku farin ya tafi amma zoben na nan, ka dawo ka faɗa min a wane gilashi ne kuma ko yana saitin idonka, daga nan sai mu san ko na gogewa ne ko na canji. Kafin nan dai ka rage tafiyar dare a hanyar Zariyan nan, Allah ya tsare hanya.